Cinikin Biri a Sama: Tarihin Damfarar Filaye da Gidajen Mazauna Ƙetare

Duk shekara idan bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu ya zo, mukan ƙirga nasarori. Bana mun ga ya dace mu waiwayi wata asara da ta daɗe tana cin mutanenmu, amma kunya ta hana a yi maganarta a fili: ɗan kasuwa ya shekara ashirin yana tara kuɗi a Kumasi ko Lome ko Kwatano, ya aika gida a saya masa fili, ranar da ya dawo ya tarar babu fili, babu kuɗi. Wannan cuta tana da tarihi, kuma wanda ya san mafarinta zai fi sanin maganinta.

Kakanninmu fatake, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan yi watanni a hanyar Gwanja. Su kai kanwa da tufafi da fatu kasuwar Salaga, su ɗauko goro. Sun yi ciniki da mutanen da ba su taɓa gani ba, amma ba su yi shi da ka ba. A kowane zango akwai maigida mai saukar baƙi, shi ke ajiye kaya, ya nemo dillali, ya tsaya lamuni. Idan aka cuci baƙonsa, sunansa ne ya ɓaci, kuma ayarin baɗi ba zai sauka gidansa ba. A can gida kuwa, gona ko kango ba ya sauya hannu a ɓoye. Ko gado ne, ko aro, ko jingina, ko saye, sai mai unguwa ko dagaci ya sani, maƙwabtan iyaka sun shaida. Bafatake zai yi shekara uku bai dawo ba, unguwa ce ke tsare masa haƙƙinsa.

Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, mutanenmu suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Ankara, zanguna suka zama unguwanni. Wasu sun koma gida da arzikinsu, kamar Alhassan Ɗantata da ya yi fatauci a ƙasar Gwanja kafin ya kafu a Kano. Da yawa kuma suka zauna, suka yi aure, suka gina gidajensu a inda suke neman abinci.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 ta sauya wannan tunani. Gwamnatin Busia a Ghana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Dubban ɗaruruwan mutane suka kama hanya, galibinsu 'yan Najeriya da Nijar da sauran maƙwabta. An sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, wasu ma barinsu aka yi. A Janairun 1983 abin ya juya: gwamnatin Shagari ta kori baƙi daga Najeriya, ciki har da mutanen Ghana kimanin miliyan ɗaya, da 'yan Nijar masu yawa. Daga waɗannan shekaru iyayenmu suka ɗauki darasi guda: kowa ya bar gida, gida ya bar shi, don haka a mallaki wurin komawa tun da wuri. Darasin gaskiya ne. Sai dai ya haifar da mai saye irin wanda macuci ya fi so: mai kuɗi a hannu, mai gaggawa a zuci, kuma mai nisa da abin da yake saye.

A daidai wannan zamani ne dokar ƙasa ta sauya. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamnanta. A birni, hujja ta koma takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O, wadda yawanci ta shekara 99 ce, kuma sayar da irin wannan fili sai da amincewar gwamna. A Nijar, dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, a birane kuma takardar da ofishin magajin gari ke bayarwa daban take da babbar takardar mallaka da ake kira titre foncier. Garuruwa irin su Kano da Kaduna da Maraɗi da Yamai suka yi ta haɗiye gonakin da ke gefensu. A Kano har yau ana bambanta fulotin awon gwamnati da na awon igiya. Shaidar maƙwabci ta yi rauni domin maƙwabcin ma baƙo ne, ita kuwa takarda ba kowa ke iya bambance ta gaske da ta bogi ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Damfarar ta farko daga cikin gida ta fito. A aika wa ƙane ko ɗan ɗaki kuɗin bulo da kwano, shi kuma ya aiko da hoton ginin wani. Wanda aka cuta yakan haɗiye, don kada a ce ya kai ɗan'uwansa ƙara. Ta biyu ita ce sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu ko uku, kuma wanda ke ƙetare shi ke zama na ƙarshen sani, domin kafin ya zo wani ya riga ya zagaye wurin. Ta uku, magaji ɗaya ya sayar da gidan gadon da ba a raba ba, sauran magada su tashi bayan kuɗi ya shige. Ta huɗu, a yanka maka fegi a kan hanya, ko magudanar ruwa, ko filin makaranta, sai ranar da motar rusau ta iso ka san gaskiya.

Abin ya yi ƙamari har masu gidaje a biranen Najeriya suka koma rubuta wa a bango cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne. Lambar 419 da ake kiran 'yan damfara da ita ta samo asali ne daga sashen kundin dokar laifuka na kudancin ƙasar da ya yi magana kan karɓar dukiya ta hanyar yaudara. An kafa hukumar EFCC a 2003, aka kuma buɗe ofisoshin adana bayanan filaye a kwamfuta, irin su AGIS a Abuja da KANGIS a Kano, inda mai saye zai nemi a bincika masa asalin takarda.

Yau macucin ya sake riga. Yana zuwa da sunan kamfanin rukunin gidaje, da bidiyo mai kyau a Facebook da WhatsApp, da tayin biya sannu a hankali, da gargaɗin cewa saura fuloti biyar. Tun da darajar naira ta faɗi bayan Yunin 2023, mai riƙe da sefa yana ganin filin Najeriya kamar kyauta, su ma sun san da haka. Ba cewa muke duk kamfani na ƙarya ne ba. Amma na gaskiya ba ya jin haushi idan ka ce za ka bincika.

Idan muka duba wannan tarihi, abin da ya ɓace mana shi ne maigidan zango: mutumin da zai tsaya, ya gani, ya kuma yi asara idan aka cuce ka. Za mu iya dawo da aikinsa. Kada kafin alƙalami ya fita sai an je ofishin filaye an ga sunan da ke kan rajista. Wanda zai duba maka fili kada ya zama mai cin la'ada a cinikin. A gaida mai unguwa, a tambayi maƙwabtan iyaka huɗu. Idan gado ne, a ga hukuncin rabo daga kotu ko sa hannun dukkan magada. A biya ta banki da sunan mai fili, a rubuta yarjejeniya gaban lauya da shaidu, ko da da ɗan'uwa ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubutu da kafa shaida ta sauka. Gini kuma a biya shi hawa-hawa, wani daban yana zuwa yana gani.

Muna da mambobi da ke bin hanyar Kano da Katsina da Maraɗi kowane mako. Tsayawar sa'a ɗaya don duba filin ɗan ƙungiya na iya tsare guminsa na shekara ashirin. Wanda kuma aka riga aka cuta, ya daure ya faɗa wa shugabannin reshensa, domin shirunsa ne jarin da macucin zai tunkari na gaba da shi. Allah ya tsare mana halaliyarmu, ya mai da kowa gida lafiya.