Yadda Jirgin Ruwa Yake Hawa Tudu

Ya kai mai karatu, ko ka taɓa jin an ce jirgin ruwa ya hau tudu? Mu nan Magaria da Dungas ba mu da kogi. Abin da muka sani shi ne korama da tabki da rijiya. Amma labarin nan ya shafe mu, gama ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Duk kayan da ya fito daga teku, sai ya yi doguwar tafiya kafin ya iso kasuwarmu. Kuɗin wannan tafiya kuwa, talaka ne ke biya.

A yammacin ƙasarmu akwai Kogin Kwara, wanda Zabarmawa ke kira Isa. Ya taso daga Gine, ya ratsa Mali, ya bi ta Yamai da Gaya, ya shiga Nijeriya, kana ya faɗa teku. Tsawonsa wajen kilomita 4,200 ne. Tun kaka da kakanni Sarkawa da mutanen Yawuri suna bin sa da kwale-kwale. Sai dai a kudu da Yawuri, wajen garin Busa, akwai duwatsu cikin ruwa. Ruwa yana gudu tsakaninsu da ƙarfi. A nan Bature Mungo Park ya halaka a 1806. A 1901 wani hafsan Faransa mai suna Lenfant ya hauro da jiragen kaya ta nan har Say, amma da baƙar wahala.

A 1968 Nijeriya ta gama madatsar ruwa ta Kainji. Ruwa ya taru, ya shanye duwatsun, har da tsohon garin Busa. Aka gina wa mutane Sabon Busa. To, ga wata matsala: ruwan arewa ya yi sama, na kudu yana can ƙasa. Ta ina jirgi zai wuce?

Sai aka gina masa matakala. Ɗauki ƙwarya ka sa cikin randa, ka yi ta zuba ruwa. Za ka ga ƙwarya tana tasowa. Haka abin yake. Matakalar wani dogon ɗaki ne na siminti, ba rufi, mai ƙofa biyu. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya, a sako ruwa. Ruwa na cika, jirgi na hawa. In ya kai daidai da ruwan sama, a buɗe ƙofar gaba ya wuce. In gangarowa zai yi, sai a rage ruwan. Da irin wannan dabara manyan jirage ke ratsa mashigin Panama tun 1914.

Duk da haka, kogi bai zama babbar hanyar kayanmu ba. Da bazara ruwansa yana janyewa, yashi ya fito, jirgi mai nauyi ya kafe. Ruwan da ya zuba a Gine da damina, sai lokacin ɗari yake isowa Yamai. Ga shi kuma Gaya ta yi mana nisa. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, saboda haka gyaɗar Magaria ta bi mota zuwa Kano, daga can jirgin ƙasa ya kai ta Ikko.

In ka sayi buhun taki ka ji tsada, tambayi ɗan kasuwa ta wace hanya ya zo, kuma kwana nawa ya yi.