DAGA MAƘERAN SARKI TANIMUN ZUWA MASU GYARAN KAFIRETA

Yau tarihin namu ya gangaro kan wani abu ɗan ƙarami wanda faɗinsa bai kai tafin hannun jariri ba, amma in ya lalace sai aikin yini guda ya tsaya. Muna nufin tantanin robar nan da ke cikin kafiretar ƙananan injuna. Kafin mu kai gare shi, bari mu waiwaya mu ga yadda Damagaram ta saba da ƙarfe da wuta.

Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ne ya ɗaga Damagaram ta zama daular da ake shakka tsakanin Borno da ƙasar Hausa. A zamaninsa aka kewaye Birni da garu. Bindigogi suna zuwa da ayarin fatake daga Tarabulus, amma albarushi a nan gida ake haɗa shi, igwa ma maƙeran garin nan ne suke zuba ta. Wato tun wancan lokaci akwai masu kallon kayan baƙi su gane sirrinsa, su gyara, har su ƙera irinsa. Ga kuma majema da dukawa waɗanda aikin fatarsu ya yi suna har ƙetaren Sahara.

A 1899, bayan yaƙin Tirmini, Faransawa suka ci garin. Zinder ta zama babban birnin Nijar daga 1911 har 1926 da aka mayar da shi Yamai. A ƙarshen 1924 motocin kamfanin Citroën guda 8, waɗanda suka ratso Sahara daga Aljeriya, suka biyo ta nan a hanyarsu ta zuwa tafkin Chadi. Sannu a hankali mota ta karɓe kayan da raƙumi ke ɗauka, sana'ar kanikanci ta samu gindin zama kusa da ƙira.

Sai dai injin da ya shiga gidan talaka sosai shi ne ƙarami: babur ɗin kabu-kabu, injin niƙa, janareto wanda muke ce wa gurup, da injin ban ruwa. Wanda ya san lambunan Mirriya da Gidimuni, ko gonakin rake na kwarin Korama wajen Matamaye, ya san yadda injin ban ruwa ya rage wahalar jigo da ɗiban ruwa da ƙwarya. Da arhar kayan Sin ta zo, wanda a da ba ya ko mafarkin inji ya mallaki nasa.

To, duk injin fetur irin waɗannan yana da kafireta, ita ce ke gauraya mai da iska kafin su shiga su ƙone. Iri biyu ce. Akwai mai ɗan kofi a ƙasa inda mai ke taruwa, ita ce a yawancin babura da injunan ban ruwa. Akwai kuma mai tantani, wadda ake samu a zarton inji, da injin yankan ciyawa, da wasu injunan feshi na goyo. Wannan ta biyun ta yaɗu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kamfanonin Amurka irin su Tillotson suka nemi kafiretar da za ta yi aiki ko an karkata injin ko an kifa shi, abin da mai kofi ba ta iyawa.

Tantanin biyu ne a ciki. Ɗaya yana bugawa tare da numfashin injin yana jawo mai daga tanki. Ɗayan yana lotsawa ya danna wani ɗan ƙarfe, allura ta buɗe, mai ya shigo daidai gwargwado. Duk aikinsu ya dogara ga laushi, kamar dai tantanin kalangu. Da zarar ya bushe, sai inji ya ƙi tashi, ko ya tashi ya mutu da an ba shi wuta, ko ya sha mai ya jiƙa fulogi.

Me ke busar da shi? Zafin rana, da ƙurar hunturu, da man da ya kwana watanni a cikin inji. A nan tarihin man da muke sha ya shigo. Shekara da shekaru garin nan yana rayuwa da man 'yan ruwa-ruwa da ke shigowa daga Najeriya a jarka, a sayar a kwalba bakin titi. Mai ne mai sauƙin kuɗi, amma kwalbar da ke tsaye cikin rana da ƙura ba ta rasa ɗan yashi ko ɗigon ruwa. A Nuwamba 2011 aka buɗe matatar SORAZ a hanyar Tanut, mai iya tace ganga 20,000 a rana. A Mayu 2023 Najeriya ta cire tallafin mai, cinikin ruwa-ruwa ya girgiza. A Agustan wannan shekara kuma aka yanke wutar da ke zuwa mana ta Katsina saboda takunkumin CEDEAO, ba a mayar ba sai a Maris 2024. Watannin nan kowa ya ga darajar mai gyaran gurup.

Abin da tsofaffin kanikawa ke faɗa bai da yawa. A tace mai da ƙyalle mai tsabta kafin a zuba. A riƙa wanke matatar iska, musamman da hunturu. In an gama aikin rani, a juye man tanki, a bar injin ya ci sauran har ya mutu da kansa kafin a ajiye. In an buɗe kafireta, a taɓa tantanin: in yana ƙara kamar busasshiyar takarda, ya gama aiki, canji ne maganinsa. A lura da yadda aka jera shi da gasket ɗinsa kafin a cire, don in aka juya jerin injin ba zai yi daidai ba. Kada kuma a zura waya cikin ƙananan ramukan nan, faɗaɗa su take yi.

Abin da ke damun mu shi ne, yanzu da yawa ba sa buɗewa ma. Da inji ya yi tari sai a ce a sayo sabuwar kafireta, a jefar da tsohuwa, alhali abin da ya lalace ɗan tantani ne mai arha. Mai gona ya yi asarar kuɗi, ya yi ta kwanakin jiran kaya daga Kano, yaron gareji kuma ya tashi bai san abin da ke cikin cikinta ba. Garin da maƙeransa suka zuba igwa bai kamata a ce ya rasa mai haƙurin kwance sukurori huɗu ba.

Muna kira ga iyayen gidan gareji su zaunar da yaransu su nuna musu, cibiyoyin koyon sana'a su ba ƙananan injuna muhimmanci, masu sayar da kayan gyara kuma su riƙa kawo tantanin da gasket ɗinsa daban. Allah ya sa wa sana'o'inmu albarka, ya jiƙan magabatanmu. Amin.