Daga Igiya Zuwa Sandar Ƙarfe: Tarihin Jan Mota

Tun da aka fara ƙera mota ake fama da yadda za a kai ta gida idan ta mutu a hanya. A farkon zamaninta, a Turai da Amurka, dawakai ake ɗaura wa su jawo ta. A 1916 ne wani bakanike mai suna Ernest Holmes, a garin Chattanooga na jihar Tennessee, ya sha baƙar wuya shi da wasu mutane wajen fito da wata Ford daga cikin rafi. Wannan wahala ce ta sa ya kafa ƙugiya da na'urar ɗaga kaya a bayan wata Cadillac ƙirar 1913, kuma daga nan janwe ta samo asali. Har gobe akwai gidan tarihin wannan sana'a a garin.

Mu nan Arewa, ba kowa ke da kuɗin kiran janwe ba. Abin da na taso na gani a garejin kawuna shi ne mota ta ja 'yar'uwarta, ƙafa huɗu a ƙasa. Da igiya aka fara, aka koma sarƙa, wasu ma har tsohuwar taya suke sawa a tsakiya don ta shanye fizga. Bayan da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, Fijo 504 ta cika hanyoyinmu, gudu ya ƙaru, aibin igiya ya fito fili.

Aibin kuwa shi ne igiya tana ja, amma ba ta tsayarwa. Idan inji ya mutu, birki yakan yi tauri bayan taku biyu ko uku, sitiyari mai fawa kuma ya yi nauyi. Da na gaba ya rage gudu, sai na baya ya afka masa. Duk direban da ya san gangaren Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, ba sai an yi masa bayani ba.

Masu walda ne suka fitar da direbobi kunya. A Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, za a yanko bututun ƙarfe mai kauri, a yi masa kunne a kowane baki. Na sha kallon kawuna yana kwance a ƙarƙashin mota yana laluben shasi, domin ba ya yarda a ɗaura a bamba. Sai ya zura ƙusa mai kauri, ya girgiza sandar da hannu biyu, sannan ya leƙa ta taga ya ce wa yaronsa: «Sa ta a firi, ka bar makulli a kunne kada sitiyari ya kulle. Idonka a kan fitilar birkina.» In babbar mota ce, sai an kwance farfela, an kuma ba ta iska ko an sassauta birkin baya, domin birkin iska kama ƙafa yake yi idan tankin ya sace.

Yanzu zamani ya sake juyawa. Motocin otomatik sun yi yawa, kuma inji ne ke tura mai cikin giyarsu. Wanda ya ja irinsu tafiya mai nisa ƙafa a ƙasa, ya ƙona giya, gyaran gangar auzinawa ke nan. Shi ya sa ake ɗora su kacokan a bayan mota. Hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 ita ma tana da janwenta.

Duk da haka, a hanyoyin ƙauye har yau sandar nan ce gatan mai akori-kura da direban bas. Abin da ke damuna shi ne yaran gareji da yawa sun gaji sandar, ba su gaji ƙa'idarta ba: tafiya a hankali, kunna fitilar gargaɗi, da shan kwana da faɗi. Hakkin iyayen gidansu ne su koya musu tun kafin su miƙa musu makulli.