Bin sawun fataken Gwanja: daga Kurmi zuwa Salaga

Maƙalar wannan mako ta tarihi ce, amma tarihin da ke cikin gidajenmu. Da wuya ka shiga tsohuwar unguwa a Kano ko Katsina ko Gummi ba ka tarar da gidan da ake cewa kakansu ya tafi Gwanja ba. Wasu sun dawo da dukiya, wasu sun dawo da mata, wasu kuma har yau shiru. Namu gidan na cikin kashi na uku, shi ya sa na ware mako biyu na hutun ƙarshen shekara na bi hanyar, rabi yawon buɗe ido, rabi neman kakan mahaifiyata.

Gwanja sunan ƙasar Gonja ne a bakin Bahaushe, a arewacin Ghana ta yau, kuma babbar kasuwarta ita ce Salaga. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne goro ba ya fita a Salaga. A kurmin Asante yake fita, can kudu. Sarakunan Asante, waɗanda suka mallaki Gonja tun ƙarni na 18, ba sa barin fataken arewa su kutsa cikin kurmin, sai su aiko da goron Salaga a haɗu a can. Wannan doka ce ta raya garin. Bahaushe ya kai tufafin rini da kanwa da fatun jima, ya ɗauro goro a waga bisa jakuna. Ayari kan ƙetare Kwara ta wajen Ilo ko Yawuri, ya ratsa Borgu da Jugu da Sansanne Mango da Yendi, tafiyar watanni, madugu na shugabanta, jagaba na gaba. Goro kuwa ba ya son sakaci: dole a riƙa kwance huhu a hanya, a tsince wanda ya lalace, a yayyafa ruwa, a sake naɗewa da ganye. Mai neman sana'ar da zai ba jarumin labarinsa, ga ta nan.

Kafin a sayi tikiti, aikin farko a gida yake. Na kwana uku ina zama da tsofaffin matan danginmu, domin su ne ke riƙe da laƙabi da kirari da wa ya auri wa. Maza sun fi riƙe sunan gonaki. A nan na ji cewa mu Agalawa ne, wato zuriyar Bugajen da suka gangaro daga ƙasar Azbin suka zauna a ƙauyukan Kano da Katsina suka rungumi fatauci. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari na Gummi su ne suka riƙe cinikin goro a ƙarni na 19, kamar yadda Paul Lovejoy ya nuna a littafinsa na 1980 kan ayarin goro. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji ya rasu a 1955, Ba'agale ne, kuma da goro ya fara. Daga nan na zagaya Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama. Na sha zuwa wuraren nan, amma kallon karofi daban ne idan kana tunanin cewa irin wannan baƙin zane ne kakanka ya ɗaura wa jaki.

Tsohuwar hanyar ayari ba ta biyuwa cikin sauƙi yanzu, saboda iyakoki da rashin tsaro. Na bi ta Legas zuwa Akara, sannan Kumasi. Mai fasfon ECOWAS ba ya bukatar biza, amma kada ya manta katin rigakafin shawara. A Kumasi na shiga gidan tarihi na fadar Manhyia da kasuwar Kejetia, na yini a Aboabo, inda za ka ji Hausa ko'ina, irin ta zango mai nata daɗin. Daga nan sai Yeji, aka ƙetare tafkin Volta a jirgin fito zuwa Makango, sai Salaga.

Wanda ya je da hoton babban birni a ransa zai sha mamaki. Gari ne madaidaici mai ƙura. Abin da ya rage na tsohon girmansa shi ne rijiyoyi, birjik a ko'ina, da kuma sunayen wurare. A sunayen nan ne tafiyar ta daina zama yawon shaƙatawa. Akwai Wankan Bayi, inda ake wanke mutane kafin a kai su kasuwa. Akwai Rafin Angulu, inda ake yar da gawar waɗanda suka mutu. Da Hausa aka raɗa su, ba da Gonjanci ko Turanci ba. Salaga kasuwar goro ce, kuma kasuwar bayi ce, mafi yawansu daga ƙasashen Gurunsi da maƙwabtansu, kuma a harshenmu aka yi cinikin. A gida mun saba ba da labarin Gwanja a matsayin jarumta da haƙuri da neman halali. Duk gaskiya ne. Amma duk wanda zai binciki kakansa bafatake ya shirya jin cewa cikin masu ɗaukar kayan ayarin akwai waɗanda saye aka yi, ko ma cewa kakar da ake kira 'yar Gwanja ba da sadaki ta zo gidan ba. A ganina marubucin da ya tsallake wannan gefen ya rubuta rabin littafi ne.

Me ya karya garin? A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, mutanen Gonja suka yi amfani da damar suka kuɓuce daga hannun Asante. Asante kuwa ta karkatar da goron zuwa wasu kasuwanni irin su Kintampo. Sai a 1892 rikicin sarautar Kpembe, garin sarakuna da ke gefen Salaga, ya zama yaƙin basasa, baƙi suka watse zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo, daga baya Kumasi. Cikin waɗanda suka bar garin akwai Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano, ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, ya rasu a Kete Krachi a 1934. Abin da ya ƙarasa ayarin jakuna shi ne ƙarfe: jirgin ƙasa ya iso Kumasi a 1903, ya iso Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Legas.

Waɗannan shekaru ba don ado na kawo su ba, su ne taswirar mai neman dangi. Idan kakanka ya tafi kafin 1892, da wuya zuriyarsa na Salaga. Dattawan da na gaisar a gidan liman, bayan na miƙa goro kamar yadda aka saba, ba su san sunan yankan kakan ba ko kaɗan. Laƙabinsa ne wani tsoho ya ce ya taɓa ji a bakin mahaifinsa, ya ce mutanen gidan Krachi suka koma. Ba hujja ba ce, laƙabi ɗaya mutum goma na iya amsa shi, kuma haka na rubuta a littafina: an ce.

Ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Tamale tana da rahotannin Turawan mulki, amma su sarakuna da masu shari'a suka fi rubutawa, bafatake sai in ya shiga rigima. Jami'ar Ghana da ke Legon tana da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tattaro daga gidajen malamai. Ni dai abin da ya fi yi mini amfani shi ne tambayar ko akwai tsohon Alƙur'ani a gida, don malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa a bangonsa.

Akwai tsinkewa biyu kuma da suka zo daga baya. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su bar Ghana, Hausawa da yawa da aka haifa a can suka kwaso kaya zuwa Najeriya da Nijar. Don haka dangin da ka je nema a Ghana wataƙila suna Fagge ko Agege ba ka sani ba. Ta biyun ita ce madatsar Akosombo da aka kammala a 1965. Ruwanta ya shanye tsohuwar Kete Krachi, aka tayar da mutane zuwa sabon gari a kan tudu. Na isa can kwana biyu kafin hutuna ya ƙare. Wani mai kwale-kwale ya nuna mini wajen da tsohon zangon yake, ruwa ne iya ganinka. A sabon garin an ba ni sunayen gidaje uku na Kanawan asali, biyu na samu shiga, na ukun mai gidan ya tafi Kumasi jinya. Lambar ɗansa na wajena, mun yi da shi zai tambayi mahaifin laƙabin idan ya samu sauƙi.