Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Tarihin Maganin Shafawa a Sankarar Fata

A cikin dukkan gaɓoɓin ɗan Adam babu wadda likita ke gani da idonsa kai tsaye kamar fata. Saboda haka ne sankarar fata ta zama wurin da masana suka sami damar kallon abin da ke faruwa tsakanin ciwon daji da garkuwar jiki, tun daga ranar da aka fara magani har ranar da aka warke. Tarihin wannan ilmi ya nuna abu ɗaya a fili, watau ja da kumburin da ke biyo bayan shafa wasu magunguna, waɗanda da can ake ɗauka illa ce kawai, su ne alamar cewa dakarun jiki sun iso fagen fama.

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a san cewa sankarar fata manyan iri uku ce. Akwai wadda ke tasowa daga ƙwayoyin halitta na gindin fatar sama, ita ce ta fi yawa a duniya, ba ta kuwa cika yaɗuwa zuwa sauran jiki ba. Akwai wadda ke tasowa daga ƙwayoyi masu faɗi na saman fata, wadda takan yaɗu in an yi sakaci. Ta uku ita ce melanoma, ta ƙwayoyin launi, wadda ta fi su kisa. Akwai kuma wani kaushi da zafin rana ke haddasawa, wanda shi ba sankara ba ne tukuna, amma wani sashe nasa yakan rikiɗe ya zama iri na biyu.

Labarin ya faro ne a Berlin ta ƙasar Jamus a cikin 1868, sa'ad da wani ɗalibin likita mai shekara 21, Paul Langerhans, ya rina fatar mutum da ruwan zinariya, ya duba ta a madubin likita, ya ga wasu ƙwayoyi masu rassa kamar saiwar itace. Ya zaci jijiyoyin ji ne, kuma aka shafe kusan shekara ɗari ba a gane aikinsu ba. Sai a cikin 1973 Ralph Steinman da Zanvil Cohn na Jami'ar Rockefeller a Amurka suka bayyana irin waɗannan ƙwayoyi masu rassa a saifar ɓera. Daga baya aka tabbatar cewa 'yan leƙen asiri ne. Sukan ɗauki guntun abokin gaba, su kai shi gidajen kaluluwa, su nuna wa fararen ƙwayoyin jini da ake kira T, su kuma su fito su farauci duk abin da ke ɗauke da wannan alama.

Tun kafin a san wannan, wani likitan fiɗa a birnin New York, William Coley, ya binciki tsofaffin takardun asibiti, ya tarar da labarin wani majinyaci wanda dajinsa ya baje bayan ya yi fama da zazzaɓi mai tsanani na wata cutar fata. A cikin 1891 Coley ya fara sa wa masu daji ƙwayoyin bakteriya da gangan, daga bisani ya koma ga matattun ƙwayoyi don rage haɗari. Wasu sun sami sauƙi, da yawa ba su samu ba, shi kuwa bai iya bayyana dalili ba. Da aka fara gasa daji da hasken eksire da radiyom, sai likitoci suka juya wa hanyarsa baya. Duk da haka tambayar da ya bari ba ta mutu ba: shin ana iya tayar da jiki ya yaƙi dajinsa da kansa?

Shekarar 1957 ta zo da abubuwa biyu masu muhimmanci. A Landan, Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano intaferon, wani sinadari da ƙwayar jiki ke fitarwa idan bairos ya shige ta, don ta gargaɗi maƙwabtanta. A Jami'ar Wisconsin kuma, Charles Heidelberger ya haɗa maganin nan da ake kira 5-FU, wanda ke hana ƙwaya mai saurin rabuwa ƙera kayan gadonta. A cikin shekarun 1960 Edmund Klein, likitan fata a cibiyar Roswell Park da ke Buffalo, ya nuna cewa in an sa 5-FU a cikin man shafawa yana share kaushin rana da sankarar da ba ta yi zurfi ba. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan mai a cikin 1970.

Amma Klein bai tsaya nan ba. Ya riƙa sa jikin majinyaci ya saba da ƙin wani sinadari, sa'an nan ya shafa ɗan kaɗan daga sinadarin a kan sankarar. Wurin sai ya yi ja, ya kumbura, fararen ƙwayoyin jini su taru, sankarar ta narke. Sinadarin da ya shafa ba shi da ikon kashe daji, aikinsa kawai kiran dakaru. An ba Klein lambar yabo ta Lasker a cikin 1972. A tsakiyar shekarun 1980 kuma aka ga cewa yin allurar intaferon a cikin sankarar gindin fata yana warkar da ita, sai dai hanyar tana da tsada, tana kuma bukatar zuwa asibiti sau da yawa.

A daidai wannan lokaci masana na kamfanin 3M a jihar Minnesota suna neman maganin wani bairos mai kawo ƙuraje a al'aura. Suka sami wani sinadari wanda bai taɓa bairos ɗin ba a cikin kwalbar gwaji, amma da aka ba ɓerayen Masar sai ya kare su. Bincike ya nuna cewa yana sa jikin dabbar ya fitar da intaferon nasa na kansa. Wannan sinadari shi ne imikwimod. An amince da shi a Amurka a cikin 1997 da sunan Aldara, don maganin tsiron nama a al'aura, a cikin 2004 kuma aka amince a yi amfani da shi a kan kaushin rana da sankarar gindin fata wadda ba ta nutse ba.

Abin lura shi ne, an yi shekara biyar ana sayar da maganin ba a san ƙofar da yake ƙwanƙwasawa ba. Amsar ta fito ne daga binciken ƙudan 'ya'yan itace. A cikin 1996 Jules Hoffmann da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa ƙudan da ya rasa wani furotin mai suna Toll ba ya iya kare kansa daga naman gwari. A cikin 1998 Bruce Beutler ya nuna cewa ɓera ma yana da ɗan'uwan wannan furotin, da shi yake jin shigowar bakteriya. A cikin 2002 sai ɗakin binciken Shizuo Akira a Osaka ta Japan ya tabbatar cewa imikwimod yana taɓa na bakwai daga cikin wannan dangi, watau TLR7, wanda aikinsa na asali shi ne jin ƙamshin bairos. Ke nan maganin yaudara yake yi: yana sa fata ta zaci bairos ya shigo, ta buga gangar yaƙi, dakarun da suka amsa kira su tarar da sankara a wurin. Hoffmann da Beutler da Steinman sun raba lambar Nobel ta 2011, ko da yake Steinman ya rasu kwana uku kafin a ba da sanarwa.

Saura kuma a san waɗanne dakaru ne ke zuwa. A cikin 2007 Georg Stary da Georg Stingl da abokan aikinsu a Biyana ta ƙasar Ostiriya suka yanki ɗan nama daga fatar majinyatan da ke shafa imikwimod. Suka ga ƙwayoyi masu rassa sun kewaye sankarar, kuma ba leƙen asiri kaɗai suke yi ba, suna ɗauke da makamai. Wani rukuni yana da sinadarin da ke huda bangon ƙwayar daji da wani da ke shiga ta ramin ya hallaka ta. Ɗaya rukunin yana da wani furotin mai suna TRAIL, wanda ke umartar ƙwayar daji ta kashe kanta. A cikin 2012 ƙungiyar Maria Sibilia, ita ma a Biyana, ta nuna a jikin ɓeraye cewa waɗannan ƙwayoyi suna iya share melanoma ko da babu taimakon ƙwayoyin T. A cikin 2017 kuma Shawn Demehri da abokansa a Amurka suka gauraya tsohon maganin nan 5-FU da wani dangin bitamin D, suka ga cewa shafawar kwana huɗu tana tara ƙwayoyin T a kan kaushin rana, tana kuma share shi fiye da 5-FU shi kaɗai.

Duk da wannan ci gaba, maganin shafawa yana da iyaka. Ƙa'idar imikwimod a sankarar gindin fata ita ce shafawa sau 5 a mako har mako 6, kuma wasu majinyata sukan daina saboda ja da miki da ƙaiƙayi, alhali kuwa waɗannan su ne shaidar aiki. Wani babban gwaji da aka yi a Biritaniya, wanda aka buga a cikin 2014, ya nuna cewa bayan shekara uku kashi 84 cikin ɗari na masu shafawa sun warke, amma a cikin waɗanda aka yi wa fiɗa kashi 98 ne. Saboda haka wuƙar likita tana nan a gaba, musamman in sankarar ta yi zurfi.

Wannan iyaka ta shafi ƙasashen Afirka ƙwarai. Baƙar fata tana da launin da ke kare ta daga rana, amma zabiya ba shi da wannan garkuwa, kaushin rana yakan fito masa tun yana matashi, kuma sankarar da ta fi kama zabiya a Afirka ita ce ta ƙwayoyi masu faɗi, wadda ke yaɗuwa. Haka kuma tsohon gyambo ko tabon ƙuna yakan rikiɗe ya zama irin wannan sankara bayan shekaru. Man shafawa yana amfani ne a matakin kaushi, kafin ciwon ya nutse. In ya nutse, shafe-shafe ɓata lokaci ne, kuma lokacin da aka ɓata yana iya cin rai. Don haka aikin da ke gaban malaman asibiti da ma'aikatan gwamnati shi ne su sa a riƙa duba fatar zabiya a kai a kai, a samar musu da malafa da riguna masu dogon hannu da man kariyar rana, a kuma tura duk mikin da ya ƙi warkewa wurin likita ya yanki nama a auna, tun magani yana da sauƙi.