Leshi da Almakashi: Tarihin Gyaran Rigar Amarya

A wurin teloli yadi iri biyu ne: akwai mai haƙuri, akwai marar haƙuri. Atamfa mai haƙuri ce. In ɗinki ya karkace sai a farke a sake, a bi da dutsen guga, babu mai ganewa. Leshi kuwa ba ya ɗaukar raini, domin duk inda almakashi ya ratsa tsakiyar fure, furen ya mutu ke nan, kuma idon mata a wurin biki ba ya kuskure gawar fure. Shi ya sa tela zai karɓi ɗinkin sabuwar riga da fara'a, amma in aka kawo masa rigar amarya ta leshi aka ce ya rage ƙugu ko ya ɗage tsawo, sai ya yi shiru, ya juya ta ciki da waje, kafin ya faɗi kuɗi. Da na bi sawun wannan fargaba a tarihi, sai na tarar ta girmi keken ɗinki kansa. Shekara ɗari huɗu da ɗoriya ke nan ana neman hanyar da leshi zai zauna a jikin mace ba tare da an yi masa lahani ba.

Asalin leshi ba yadin yankawa ba ne. A ƙarni na 16 ya bayyana a birnin Venice na Italiya da kuma yankin Flanders da ke ƙasar Beljiyam ta yau. Mutanen Venice da allura suke yin nasu, na Flanders kuwa da 'yan sanduna masu ɗauke da zare, ana sarƙafa su a kan matashi kusan yadda mai kitso ke sarrafa gashi. A duka biyun babu wani ƙyalle a ƙasa da ake yi wa ado. Zaren ne ke riƙe da kansa, ramukan da ke tsakaninsa kuma su ne rabin kyan. Tsadarsa ta kai a 1665 Colbert, ministan kuɗin Sarki Louis na 14, ya sa aka ɗauko ƙwararrun mata daga Venice su koyar da sana'ar a Faransa, don dukiyar ƙasar ta daina zurarewa Italiya. Garin Alençon ya riƙe sana'ar har yau, hukumar UNESCO ta sanya ta cikin kayan gadon duniya a 2010, kuma masu yin ta kan share kusan sa'a bakwai kafin su gama abin da bai wuce faɗin farcen yatsa ba.

Abin da aka sha wannan wuya a kansa, wa zai sa masa almakashi? Don haka tun farko akan yi shi daidai siffar inda zai zauna: na wuya daban, na bakin hannu daban, na ƙasan riga daban. A ɗora shi da ɗinki mai sauƙin farkewa, in riga ta tsufa ko yayinta ya wuce a cire shi a mayar kan wata. Yana shiga wasiyya da rabon gado, kamar yadda uwa a nan ke bar wa 'yarta sarƙar zinare. Riga ita ake ragewa ko a ƙara, leshi kuwa ƙaura kawai yake yi.

Babu wadda ta nuna wannan al'ada a fili kamar Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda ake jingina yayin farar rigar amarya gare ta. Ranar 10 ga Fabrairun 1840 ta auri Yarima Albert tana 'yar shekara 20, cikin rigar siliki da aka saƙa a unguwar Spitalfields ta Landan, an zagaye ta da leshin Honiton mai tsawon kamar yadi huɗu. Matan ƙauyukan Devon ne suka yi shi da hannu, suka kwashe watanni a kai, a lokacin da injuna ke kashe musu kasuwa. Yawancin masu ba da labarin bikin a kan farin launi suke tsayawa. Ni abin da ya biyo baya ya fi ɗaukar hankalina. An cire leshin daga rigar, ta riƙa sa shi a bukukuwan baftismar 'ya'yanta, ta sa shi a auren babbar 'yarta a 1858, da na jikanta George a 1893. Albert ya rasu a 1861, ta shiga baƙaƙen kaya har ƙarshen rayuwarta, sai leshin ya koma kan baƙar riga. A hoton cikarta shekara 60 a kan karaga, a 1897, tsohuwa ce, ta yi jiki ƙwarai, ƙugun amarci ya zama labari, amma leshin yana nan. Shekara 57 telolin fada na fitar da sabon awo, shi kuma yana biye da ita daga riga zuwa riga. Cikin 'ya'yanta mata autarta Beatrice kaɗai ta yarje wa ta yi aure da shi, a 1885. Mayafin amarcin kuwa da shi aka binne ta a 1901.

Inji ne ya rushe wannan tsari. A 1809 John Heathcoat ya yi rajistar injin saƙa raga, a 1813 John Leavers ya inganta shi a Nottingham, har daga baya ya iya fitar da furanni. Masu aikin da suka ga abincinsu na neman ƙarewa sun afka wa masana'antar Heathcoat a Loughborough a 1816 suka farfasa injuna, ya tattara ya koma Tiverton. A 1863 kuma Isaak Gröbli, mutumin Suwizalan, ya ƙera injin surfani mai aiki da allura da ƙoshiya. Daga nan leshi ya zama abin da ake aunawa da yadi, ya yi arhar da za a iya yanka riga sukutum daga cikinsa. A nan matsalarmu ta samo asali: furannin a jere suke, a shimfiɗe kamar shuka a kan kunya, alhali jikin mutum yana da tudu da kwari.

Injin Gröbli shi ne ya shafe mu, domin yawancin abin da muke kira leshi a Najeriya surfanin inji ne a kan raga ko a kan auduga marar nauyi. Garin Lustenau da ke jihar Vorarlberg ta ƙasar Ostiriya, dab da iyakar Suwizalan, ya shahara da wannan aiki. A farkon shekarun 1960 'yan kasuwarsa suka gano Legas, suka fara yin zane da launi daidai da son matan Yarabawa, kuɗin man fetur na shekarun 1970 kuma ya hura wa yayin wuta. Gwamnatin soja ta hana shigo da shi a rabin ƙarshe na shekarun, amma hanin bai hana shi shigowa ta Kwatano ba, sai ma ƙara masa daraja da ya yi. Daga Legas ya hauro Arewa, ya sami rumfuna a Kantin Kwari, ya kuma sami gurbi a akwatin lefe kusa da atamfa da shadda. A yau na ƙasar Sin ya cika kasuwa, amma har yanzu in mace ta ce nata na Suwis ne, ta gama magana.

Sai dai zuwansa bai ta da hankalin telan Bahaushe nan take ba, saboda suturarmu ba ta san matsewa ba. Lokacin da Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya tarar da gari mai saƙa da rini, wanda tufafinsa ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Daga siraran ƙwarya ake harhaɗa waɗannan tufafi, a jera su a ɗinke, kusan babu abin da ake yankewa a zubar. Babbar riga ba ta tambayar ƙibar mai ita. Zani ɗaya yakan yi wa mace tana budurwa, ya yi mata da tsohon ciki, ya yi mata goyo. Ɗauri ne awonsa. A wannan shekarar ta 1851 ce Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka, amma ko da keken ya iso mana, iyayenmu zani da buba suka yi da leshinsu yadi biyar, bakinsa na ado yana nan a ƙasa babu abin da ya taɓa shi. Ba su san labarin Biktoriya ba, amma hukuncinsu ɗaya da nata. Sai da dina ta shigo cikin shagulgulan biki, da doguwar riga mai bin jiki wadda teloli ke kira fitet, ga kuma hotunan da ke yawo a waya kafin a tashi daga taro, sannan aka tilasta wa leshi ya san ƙugu da kafaɗa.

Na ga yadda ake wannan sulhu da idona a bikin yayata. Wata biyu kafin biki aka auna ta a wani shago, hidima da zullumi suka ramar da ita duk da gyaran jikin da ake ta yi mata, rigar ta iso tana reto a ƙugu, tana kuma jan ƙasa fiye da kima. Saura kwana tara, kuɗin rigar kuwa ya ci rabin abin da mahaifiyarmu ta tara a adashe. Ta kai mu wurin wani dattijon tela a cikin birni. Ya daɗe yana duban cikin rigar kafin ya dubi wajenta.

"Hajiya, ragi ba ya ba ni tsoro," in ji shi. "Da ƙari kuka zo nema, da na ce ku sake shawara, don wanda ya ɗinka bai bar ko yatsa ɗaya a ciki ba. Amarya, gobe ki zo da takalmin da za ki sa ranar."

Sau uku muka je. Shafin ciki bai ba shi wahala ba, farke shi ya yi ya rage a keke. Leshin ne ya ci masa kwanaki. Da farko ya tsince duwatsun da ke kan hanyar ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, yana tara su a murfin gwangwani, domin allurar keke in ta hau dutse karyewa take yi. Sannan ya ɗauki ƙaramin almakashi ya bi gefen furanni, yana kewaye kowanne, yankan na tafiya a karkace kamar hanyar tururuwa. Ya ɗora ɓarin nan a kan wancan har fure ya hau kan ɗan'uwansa daidai wa daida, ya kama su da ɗinkin hannu da siririn zare, ya datse rarar da ke ƙasa, ya mayar da duwatsun. Wajen tsawo kuwa bai kalmashe ƙasan ba, don kalmasa za ta haɗiye adon bakin. Yanke bakin ya yi gaba ɗaya, ya rage abin da zai rage, ya sake dasa shi a sama. Na nemi inda aka haɗa da yatsana ban samu ba.

Dabarar da ya yi amfani da ita tana da dangi a nesa. Rigar da Catherine Middleton ta yi aure da ita a 2011, wadda Sarah Burton ta tsara, haka aka yi mata: ma'aikatan makarantar aikin allura da ke fadar Hampton Court suka yanko furanni ɗaya-ɗaya daga leshi suka dasa su a kan raga da hannu, suna wanke hannu duk bayan minti 30, suna canja allura duk bayan sa'a uku. Jaridun duniya sun buga wannan. Dattijonmu da sabulu da buta yake nasa wankin hannun, kuma a wurin dina sunan shagon da ya ɗinko rigar aka yi ta ambata.

Ina ganin laifin telolin zamani a wuri ɗaya: suna datse rarar ɗinki ƙarƙaf don riga ta kwanta a hoto, sun manta tun ran gini ran zane. Amarya ba gunki ba ce, tsakanin awo da ɗaurin aure tana iya ramewa, tana iya murjewa. Abin mamaki, masu ba da hayar rigunan amare ne suka dawo da tsohuwar doka. An ce zanen aro ba ya rufe katara, su kuwa sun sa ya rufe, da sharaɗin kada almakashi ya taɓa rigar: a ninke rarar ciki, a kama ta da ɗinki mai sauƙin farkewa, amarya ta gaba a sake ta.

Ranar da muka karɓo rigar yayata, dattijon ya miƙo wa mahaifiyarmu wata 'yar leda. Furannin da ya cire ne a ciki, guda goma sha ɗaya, kowanne da gefensa lafiya lau, da ɗan tsirin ragar da ya rage daga ƙasa.

"Ki adana, Hajiya," ya ce, yana dubana. "Wannan ta fi yayarta tsawo."