3.2 Tarihin Zaren Tsamiya a Arewacin Zamfara

Idan ana maganar ƙwarin da ke yin siliki, masana ilimin halittu sukan kawo dangin Saturniidae, wato manyan malam-buɗe-littafin dare. Daga cikinsu akwai Archaeoattacus edwardsii da ke zaune a dazuzzukan duwatsun Himalaya, wanda faɗin fikafikansa kan kai santimita 25. A ƙasar Hausa ma akwai 'yan wannan dangi, kamar Epiphora bauhiniae wanda tsutsarsa ke cin ganyen magarya, da Cirina forda mai cin ganyen kaɗanya. Sai dai ba waɗannan manya ne suka shiga tarihin tufafin Bahaushe ba. Wanda ya shiga shi ne wani ɗan ƙaramin ƙwaro na dangin Anaphe, wanda daga gare shi ake samun zaren tsamiya.

Sunan zaren ya samo asali ne daga itaciyar tsamiya, ɗaya daga cikin itatuwan da tsutsar ke cin ganyensu. Wani nau'in kuma ya fi son doka. Tsutsotsin sukan taru da yawa su saƙa gida guda mai kama da jaka, sannan kowace ta naɗe kanta a ciki. Wannan ne ya sa ba a iya warware zaren a jawo shi dogo kamar silikin ƙasar Sin. Dole sai an dafa gidan da ruwan toka domin danƙon ya fita, a wanke, a shanya, a tsefe, sannan mata su kaɗa shi da mazari kamar auduga. Zaren ba ya da sheƙi sosai, launinsa tsakanin fari da ruwan ƙasa, amma yana da ƙarko. Da shi maɗinka ke yin aikin aska biyu da aska takwas a gaban babbar riga. Yarbawa suna kiransa sanyan.

Dangane da yankin da wannan bincike ya shafa kuwa, ya kamata a lura da abu biyu. Na farko, doka itaciya ce ta dazuzzukan kudu, ba ta ƙasa mai rairayi irin ta Shinkafi da Zurmi ba. Na biyu, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Fulani Alibawa suka riƙe sarauta a Zurmi da Ƙauran Namoda, yankin kuma ya kasance a kan hanyar da ta haɗa Kano da Katsina da Sakkwato. Ta Zurmi Clapperton ya bi a 1824, haka ma Barth a 1853. A ra'ayin mai wannan bincike, muhimmancin yankin a tarihin tsamiya ya fi karkata ga ciniki da amfani, domin sabbin masu sarauta da malamai suna bukatar manyan riguna na sawa da na kyauta, fatake kuma suna ratsawa da su.

Akan ɗauka cewa shigowar silikin waje ne ya kashe tsamiya. Wannan magana tana bukatar gyara. Tun a ƙarni na 19 ayarin raƙuma ke kawo alharini daga Tarabulus zuwa Kano, wato ragowar silikin masaƙun Turai da aka rina ja, kuma da shi ake saƙa barage. Duk da haka tsamiya ba ta faɗi ba, saboda kowane zare da wurin da yake shiga a jikin riga. Hasali ma Turawa da kansu sun yi sha'awarta, har a 1887 aka raɗa wa wani nau'in ƙwaron sunan Moloney, gwamnan Ikko na lokacin.

Sauyin da ya fi tasiri ya zo ne da layin dogo, wanda ya iso Ƙauran Namoda a 1929. Kamfanoni suka kafa kantuna suna sayen gyaɗa da auduga, suna sayar da yadi da zaren inji. Manomi ya ƙara sharar daji domin faɗaɗa gona, macen da ke kaɗi kuma ta tarar zaren kanti ya fi nata araha. Daga baya zaren roba mai ƙyalli da keken aikin riga suka shigo, har rigar da kan ɗauki maɗinki watanni da allura ta koma aikin 'yan kwanaki.